Allurar cire haƙori: me ya sa take kama wani, ta ƙi kama wani?

Duk wanda ya taɓa zaman jira a asibitin haƙori ya san irin hirar da ake yi a kan benci. Wani zai ce shi bai ma san an gama ba, sai da likita ya nuna masa haƙorin a faranti. Wani kuma zai rantse cewa allura aka yi ta yi masa amma ya ji komai, har sai da ya riƙe hannun likita. Daga nan sai a yanke hukunci: ko dai allurar wancan asibitin ta fi ƙarfi, ko kuma "ni jikina ba ya jin allura." Dukkansu gaskiyar abin da suka ji suke faɗi, amma dalilin da suke bayarwa galibi ba shi ne ba. Magungunan da ake kashe haƙori da su a yau guda biyar ne suka fi yawo a hannun likitoci, kuma akwai bambanci na gaske a tsakaninsu. Sai dai wannan bambanci bai kai wanda ke tsakanin haƙorin sama da na ƙasa ba, bai kuma kai wanda ke tsakanin haƙorin da ya ruɓe shiru da wanda ya hana mai shi barci da zogi ba. Wanda ya tambayi wace allura ce ta fi, sai an fara tambayarsa: wane haƙori, a wane hali, kuma a bakin wa?

Allurar kashe haƙori ta samo asali ne daga hodar iblis, wato koken. A 1884 wani matashin likitan ido a birnin Biyana, Carl Koller, ya nuna cewa ɗigon ruwan koken yana kashe jin zafi a ido har a yi masa aiki mutum na farke. A wannan shekarar William Halsted da abokin aikinsa Richard Hall a Niyok suka gwada zuba shi kusa da babbar jijiyar muƙamuƙin ƙasa, kuma wannan dabara tasu ce har gobe ake amfani da ita. Koken ya yi aiki, amma yana da guba, yana kuma kama mutum. Shi kansa Halsted ya faɗa tarkonsa. A 1905 aka fito da firoken a Jamus, wanda Alfred Einhorn ya haɗa, aka sayar da shi da sunan Novocain. Ya yi shekaru arba'in yana mulki duk da jinkirin kamawarsa da saurin sakinsa. Sai a 1943 Nils Löfgren da Bengt Lundqvist suka haɗa lidoken a Siwidin, kamfanin Astra ya kai shi kasuwa a 1948 da sunan Xylocaine. Duk sauran da za mu yi magana a kansu, mefibaken da firiloken da bufibaken da artiken, dangin lidoken ne, kuma da shi ake auna su.

Aikinsu iri ɗaya ne. Saƙon ciwo yana tafiya a cikin jijiya ne ta hanyar wasu ƙananan ƙofofi da ke buɗewa a jikin jijiyar, sinadarin sodiyam ya kwarara ciki, wannan ƙofa ta tayar da ta gaba, har saƙon ya isa ƙwaƙwalwa. Maganin yana toshe waɗannan ƙofofi. Amma ga wani abu da ya kamata a riƙe, domin zai dawo mana: maganin yana toshe ƙofar ne daga ciki. Dole sai ya fara ratsa fatar jijiyar, kuma wani kaso ne kawai na maganin yake cikin siffar da za ta iya ratsawa. Yawan wannan kaso ya dogara da tsamin naman da aka zuba shi a ciki. Idan naman lafiyayye ne, kason yana da dama. Idan naman ya yi tsami, kason ya ragu.

Lidoken na kashi 2 cikin ɗari haɗe da adirenalin, sinadarin da ke tsuke jijiyoyin jini don maganin ya daɗe, shi ne abin da akasarin mutane ke samu in sun je cire haƙori, kuma shi ne ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, a 'yar kwalbar da ake zurawa cikin sirinjin ƙarfe na likitan haƙori. Yana kamawa cikin 'yan mintoci, yana riƙe cikin haƙori kimanin sa'a guda, leɓe da dasashi kuwa su kai sa'a uku zuwa biyar a mace. Ga cire haƙori na yau da kullum wannan ya isa har da saura. Yana da arha, an san halinsa ciki da waje bayan fiye da shekara saba'in ana aiki da shi, ana ba yara, ana ba masu juna biyu. Ina faɗin wannan tun da wuri ne saboda a 'yan shekarun nan ana yi masa kallon tsohon yayi, alhali babu wani daga cikin ƙannensa da ya kayar da shi a ko'ina da ko'ina. Kowannensu akwai lungun da ya fi shi, iyakar abin ke nan.

Lungu mafi muhimmanci shi ne ƙashi. Ƙashin muƙamuƙin sama siriri ne mai ƙofofi, na ƙasa kuwa, musamman wajen turame, kauri gare shi da tauri. Zuba ruwa a kan rairayi da zuba shi a kan daɓen siminti: na farko ya nutse, na biyu ya tsaya a sama. Shi ya sa a haƙorin sama likita kan ɗaga leɓe kawai ya zuba maganin a dasashi daidai saitin saiwar haƙorin, maganin ya ratsa ƙashi da kansa ya isa jijiya. A nan kusan kowane magani yana aiki, kuma da wuya ka ji mai ƙorafin cewa allurar haƙorin sama ta ƙi kama shi. Abin da ya fi damun mutane a sama shi ne allura ta biyu da ake yi a ganɗa, domin naman wurin manne yake da ƙashi, babu inda ruwan zai bazu, sai ya yi ta matsa nama.

A ƙasa labarin daban ne. Tunda maganin ba zai ratsa ƙashin ba, sai a bi jijiyar can baya, a tare ta kafin ta shige cikin ƙashin. Likita zai ce ka buɗe baki sosai, ya ɗora babban yatsa a gefen ƙashin ta ciki, ya shigar da doguwar allura kimanin santimita biyu zuwa biyu da rabi har ta taɓa ƙashi, sannan ya zuba. Ba ya ganin jijiyar. Da alamomin jiki yake aiki, kuma ramin da jijiyar ke shiga ba a wuri ɗaya yake ga kowa ba: na wani ya fi sama, na wani ya fi baya. Shi ya sa littattafan koyarwa ke cewa wannan allura takan kuskure a kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ko a hannun ƙwararre. In ta kuskure, ko wane magani ne a cikin sirinjin, bai isa inda aka aike shi ba. Bugu da ƙari, cire turmin ƙasa yana buƙatar a kashe jijiyoyi uku: babbar da ke cikin ƙashi, ta harshe wadda ke kula da dasashin ciki, da ta kumatu wadda ke kula da dasashin waje. Aka manta ta ukun, mutum zai ji zafi lokacin da aka fara ɓamɓare dasashi ko da leɓensa ya mutu murus.

A nan ne artiken ya shigo. An haɗa shi a kamfanin Hoechst na Jamus a 1969, ya shiga kasuwar Jamus a 1976, Birtaniya a 1998, Amurka kuma sai a 2000. A Jamus ya daɗe da zama maganin da likitocin haƙori suka fi ɗauka. Abu biyu suka bambanta shi. Na farko, ƙirarsa ta sa yana narkewa a kitse sosai, kuma ana zuba shi da kaurin kashi 4 cikin ɗari, ninkin lidoken. Na biyu, jiki yana warware mafi yawansa a cikin jini tun kafin ya kai hanta, don haka rabinsa yakan bar jini cikin kimanin minti 20 zuwa 30, alhali lidoken yakan ɗauki kusan sa'a ɗaya da rabi.

Shin da gaske yana ratsa ƙashin ƙasa? Yana yi, fiye da lidoken, amma ba kamar yadda ake kururutawa ba. Masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun wallafa wani gwaji a 2006 inda suka zuba kowane ɗaya daga cikin magungunan biyu a gefen turmin farko na ƙasa, ba tare da bin jijiya can baya ba. Artiken ya kashe haƙorin a wajen kashi 64 cikin ɗari, lidoken kuwa wajen kashi 39. Tazara ce mai kyau. Amma a lura da abu biyu. Mutanen da aka gwada lafiyayyu ne, kuma da 'yar na'urar lantarki aka auna mutuwar haƙorin, ba awartaki aka sa aka girgiza shi ba. Sannan kashi 64 yana nufin mutum ɗaya cikin uku bai samu abin da ake so ba. Wannan ba lamba ce da zan yarda a ce a dogara da ita kaɗai ba a lokacin da za a tumɓuke turmi mai saiwa biyu daga bakin babban mutum. Akwai kuma tambayar adalci a gwajin: kwalba ɗaya ta artiken tana ɗauke da ninkin maganin da ke cikin kwalbar lidoken, don haka wani ɓangare na fifikon daga yawan maganin ya fito.

Idan kuma aka zo ga allurar can baya, wadda ake tare jijiya, fifikon artiken sai ya yi ƙasa sosai, domin a can babu ƙashin da za a ratsa. Maganin yana kwance ne a gefen jijiyar, kuma lidoken ya iya wannan aiki. Babban nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 123 da mutane fiye da dubu 19, ya ga alamar cewa artiken ya fi lidoken a haƙoran baya masu tsananin kumburin jijiya, kashi 49 a kan 31, amma marubutan da kansu suka ce hujjar mai rauni ce, kuma aikin da aka auna na wanke cikin saiwa ne. Abin da ya fi jan hankalina a waɗannan lambobi ba tazarar da ke tsakaninsu ba ce. Ko wanda ya yi nasara bai kai rabi ba. Wato a haƙorin da ke kan ganiyar zogi, allura guda ta ko wane magani tana iya gazawa fiye da yadda take kamawa.

Dalilin shi ne abin da na ce a riƙe. Naman da ya kumbura, musamman inda mugunya ta taru, tsami gare shi, sai kason maganin da zai ratsa jijiya ya ragu. Jini kuma yana gudu sosai a wurin kumburi, yana kwashe maganin kafin ya zauna. Mafi wuya shi ne ita kanta jijiyar ta canza. Jijiyar da ta kwana da kwanaki tana aika saƙon ciwo takan zama mai saurin tashi, takan kuma ƙara yawan wasu nau'in ƙofofi da maganin ba ya toshe su da sauƙi, kuma wannan canji ba ya tsayawa a bakin haƙorin, yana bin jijiyar baya. Shi ya sa ko an yi allurar nesa da kumburin ana iya samun gardama. Mutumin da ya ce jikinsa ba ya jin allura, in ka bincika, sau da yawa wanda ya daure ne har abin ya ci tura: an sa kanumfari, an kurkura da ruwan gishiri, an sha ƙwayoyi daga kemis, sai da kunci ya tashi sannan aka nufi asibiti. Ba laifinsa ba ne kaɗai, domin kuɗi da nisa da tsoro duk suna hana mutane zuwa da wuri. Amma yana da kyau ya san cewa jikinsa lafiya lau yake, haƙorin ne ya kai matakin da allura ke shan wuya.

Abin da ƙwararrun likitoci ke yi a irin wannan hali shi ne haɗa hanyoyi. A yi allurar can baya da lidoken, a jira, sannan a ƙara artiken a gefen haƙorin. In har yanzu akwai saura, a zuba ɗan kaɗan da matsi a tsakanin haƙori da ƙashi, cikin siririn zaren da ke riƙe da saiwa, ko a cikin ƙashin kansa. Wannan haɗin, na lidoken a baya da artiken a gefe, a ganina shi ne wurin da artiken ya fi cancantar kuɗinsa. Abin da ba a yi shi ne soka allura cikin tsakiyar mugunya, domin ba za ta yi aiki ba kuma tana iya tura ƙwayoyin cuta gaba. Kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ko ya hana haɗiya ko buɗe baki ko numfashi, wannan ya wuce zancen wace allura, na gaggawa ne a babban asibiti.

Akwai wata muhawara da ke bin artiken wadda bai kamata a ɓoye ba. A 1995 wasu masu bincike biyu, Haas da Lennon, suka duba rahotannin lardin Ontariyo na Kanada daga 1973 zuwa 1993, na mutanen da leɓensu ko harshensu ya ƙi farfaɗowa bayan allura ba tare da an yi musu tiyata ba. Suka ga magungunan kashi 4 cikin ɗari, wato artiken da firiloken, sun fi bayyana a rahotannin fiye da yadda ake tsammani, kuma jijiyar harshe ce ta fi shan wahala. Abin ba kasafai yake faruwa ba. Ƙiyasinsu ya kama sau ɗaya cikin allurai dubu ɗari bakwai da tamanin da biyar. Wasu masu bincike daga baya ba su ga wannan alaƙa ba, suka ce tsinin allurar kansa yana iya raunata jijiya ko da wane magani ne, kuma sabon magani ya fi jawo a kai rahotonsa. Har yau ba a rufe maganar ba. Amma tunda a allurar can baya artiken bai fi lidoken da wani abin kirki ba, likitoci da yawa sun zaɓi su bar lidoken a can, su ajiye artiken don gefen haƙori. Na ga hikimar wannan: ba a ɗaukar kasada, ko ƙarama ce, a inda babu riba.

Kaurin nan na kashi 4 yana da wani haɗari da ya fi kusa, kuma yara ya fi shafa. 'Yar kwalba mai mililita 1.8 ta lidoken tana ɗauke da miligiram 36. Irinta ta artiken tana ɗauke da 72. Iyakar da aka sa wa artiken ita ce miligiram 7 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ɗauki yaro mai kilo 15: iyakarsa miligiram 105, wato kwalba ɗaya da rabi bai cika ba. Kwalba biyu, wadda babba ba zai ko ji ta ba, ta riga ta haura. Ga lidoken, likitocin haƙorin yara a Amurka suna aiki da miligiram 4.4 ga kowane kilo, wanda ga wannan yaro ya zama 66, ƙasa da kwalba biyu. In maganin ya yi yawa a jini yakan fara da jiri da ɗaurewar harshe da karkarwa, ya iya kaiwa ga jijjiga da tsayawar numfashi. Shi ya sa likitan da ya sa a auna nauyin yaro kafin ya ɗauki sirinji ba ɓata lokaci yake yi ba. Artiken ba a ba yaron da bai kai shekara huɗu ba.

Bufibaken kuwa wani ciniki ne daban. Yana jinkirin kamawa, yakan ɗauki minti shida zuwa goma, amma in ya kama leɓe da dasashi suna iya kaiwa sa'a takwas ko fiye a mace. Ga cire haƙori mai sauƙi wannan wahala ce kawai: mutum ya wuni yana dalalar da miyau, ba ya iya cin abinci. Amfaninsa yana wajen haƙorin ƙarshe na can ƙurya, wanda ke fitowa bayan an girma, in ya kwanta a cikin ƙashi har sai an tsaga dasashi an sassaƙe ƙashi an raba haƙorin gida biyu ko uku. Raɗaɗin irin wannan aiki ya fi tsanani a sa'o'in farko na ranar, daidai lokacin da lidoken ke saki. Bufibaken yana tsallakar da mutum wannan zango. Sai dai in ya shiga jini da yawa ya fi 'yan'uwansa taɓa zuciya, kuma ba a ba yaran da ba su kai shekara 12 ba, domin yaro zai yi ta taunar leɓen da ba ya ji har ya yi masa rauni babba. Wannan taunar leɓe ma tana faruwa da lidoken. Iyaye kan ga leɓe ya kumbura ya yi fari washegari su ɗauka allura ce ta ƙona yaro, alhali haƙoransa ne.

Mefibaken na kashi 3 cikin ɗari ana zuba shi ba tare da adirenalin ba, saboda shi ba ya buɗe jijiyoyin jini sosai kamar sauran. Yana kamawa da sauri, yana saki da wuri, minti 20 zuwa 40 a cikin haƙori. Ya dace da gajeren aiki, da wanda ba a so a ba shi adirenalin. Firiloken ma ana samunsa shi kaɗai ko haɗe da felifiresin a madadin adirenalin, amma yana da aibi guda: in ya yi yawa yakan canza jan sinadarin jini ya kasa ɗaukar iskar oksijin, leɓe da farce su yi shuɗi. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Maganin da ake warware wannan matsala da shi yana da haɗari ga masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, kuma wannan ƙaranci ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma mai sikila dama jininsa ba shi da rarar oksijin da zai yi asara. Don haka mai sikila ya faɗi tun kafin a fara. Akwai sauran magunguna huɗu da za a zaɓa.

Sai adirenalin, wanda mutane suka fi tsoro fiye da yadda ya kamata. Ana haɗa shi ne don ya tsuke jijiyoyin jini a wurin, maganin ya daɗe, jini ya ragu, kuma maganin ya shiga jiki a hankali. Lidoken ba tare da shi ba 'yan mintoci kawai yake riƙe haƙori. A haɗin kashi ɗaya cikin dubu ɗari, kwalba guda tana da miligiram 0.018. Ga mai ciwon zuciya mai tsanani akan tsaya a miligiram 0.04, kimanin kwalba biyu, kuma yawancin cire haƙori bai wuce haka ba. Mai hawan jinin da ke shan maganinsa kuma jinin ya daidaita yawanci ana yi masa ba matsala. Abin da ake mantawa shi ne jikin mutumin da ke jin zafi da tsoro yana zubo nasa adirenalin, mai yawa kuwa. A hana mai hawan jini allura mai kyau don gudun adirenalin, sannan a bar shi yana murƙususu a kujera, ba a taimaki zuciyarsa ba. Inda ake taka-tsantsan na musamman shi ne jinin da ya hau sosai ba a shawo kansa ba, bugun zuciya marar tsari, ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu, da masu shan magunguna irin su furofaranolol ko amitiriftilin. Likita ba zai sani ba sai an gaya masa, kuma ya fi kyau a zo da kwalin maganin a hannu.

Wani lokaci daƙiƙu kaɗan bayan allura mutum zai ji gabansa na dukan uku-uku, hannu na rawa, gumi ya keto. Yawanci ɗan adirenalin ne ya faɗa jijiyar jini, kuma yakan wuce cikin 'yan mintoci. Don kauce wa hakan ne likita ke ɗan ja da sirinji baya kafin ya zuba, ya duba ko jini ya shigo kwalbar. Wani kuma suma yake yi don tsoro da yunwa. Daga ranar sai mutum ya riƙa cewa allurar haƙori ba ta karɓe shi ba, ya ƙaurace wa asibiti shekara da shekaru. Ainihin rashin jituwa da dangin lidoken, mai zuwa da borin jini da kumburin fuska da toshewar numfashi, abu ne mai wuyar samu ƙwarai. In ma an samu, sau da yawa abin da aka sa don adana maganin ne: salfayit da ke kare adirenalin, wanda kan dami wasu masu asma, ko sinadarin da ke cikin manyan kwalabe da ake ɗiba sau da yawa.

Adirenalin ɗin nan kuma ba ya son zafi da haske. Ana so a ajiye kwalaben a ƙasa da digiri 25. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu ke haura 40, kwalin da ya yi watanni a shagon da babu sanyi ko a bayan mota zai iya rasa ƙarfin adirenalin ɗinsa tun kwanan watan da ke jikinsa bai cika ba. Sakamakon shi ne allurar da ke kamawa sama-sama ta saki da wuri. Kwalbar da ruwanta ya sauya launi zuwa ruwan ƙasa ko ruwan hoda ta zubarwa ce. A irin yanayinmu, lidoken da aka adana da kyau ya fi artiken da ya sha rana.

Saura abu biyu da ba a sayensu a kemis. Na farko jira. Leɓe yakan yi nauyi cikin minti uku zuwa biyar bayan allurar can baya, kuma wannan alama ce cewa allurar ta doshi inda ya dace, amma ba shaida ce cewa cikin haƙorin ya mutu ba. Turmin ƙasa yana iya buƙatar minti goma zuwa sha biyar. A asibitin da layi ya kai ƙofa, waɗannan mintoci su ne farkon abin da ake yankewa, kuma da yawa daga cikin allurar da aka ce ta ƙi, ba a ba ta lokaci ba ne. Na biyu bayani. Maganin yana kashe zafi, amma ba ya kashe jin matsi da girgiza da ƙarar da ke bi ta ƙashi zuwa kunne. Wanda ba a gaya masa haka ba, da ya ji an danna sai ya firgita ya ce yana ji. Wanda aka gaya wa zai iya rarrabewa: dannawa daban, tsini mai harbawa kamar wuta daban. In na biyun ne, a ɗaga hannu, likita ya tsaya ya ƙara. Babu dalilin da zai sa a wannan zamani a danne kafaɗar mutum ana ce masa "daure, saura kaɗan," balle yaro, wanda zai ɗauki tsoron wannan rana har tsufansa.

Bayan an gama, allurar ba ta da sauran aiki sai saki, kuma lokacin sakin sananne ne. Wanda aka yi wa lidoken ko artiken ya sha maganin ciwo tun leɓe bai gama farfaɗowa ba. Ibufurofen haɗe da farasitamol shi ne abin da Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta sa a gaba a jagorarta ta 2024 ga manya bayan cire haƙori, sai dai mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu su tambayi likita kafin su taɓa ibufurofen. A cije audugar da aka sa, kada a kurkure baki da ƙarfi a ranar, kada a sha taba, kada a sha abu mai zafi alhali baki bai dawo ba. Ciwon da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi a kwana na biyu zuwa na huɗu, da wari a baki da zogi har kunne, yawanci gudan jinin da ya toshe ramin ne ya fita ya bar ƙashi a buɗe. Wannan sai an koma asibiti an wanke ramin an sa masa magani.